Dabbar daji ta taɓa sabawa da gidanku ko wurin aikinku? Ku ba mu labarin yadda abin ya faro

Mai Gadin Dare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina gadi ne, shekara 11 ke nan ina kwana ido biyu a wani babban sito da ke ƙarshen gari, bayan katangarsa sai fili da 'yan itatuwa. Farkon zuwana nakan hango diloli biyu da la'asar sakaliya, su ratsa filin su wuce abinsu. Ko tari na yi sai su ɓace. Da gine-gine suka ƙaru, manyan motoci suka riƙa shiga da fita har bayan isha'i, sai na daina ganinsu, har na ɗauka sun bar wurin.

Shekara biyu da suka wuce aka buɗe wa ma'aikata ɗakin cin abinci, ragowar kuma ana zubarwa a wani rami bayan katanga. Ba a yi wata guda ba sai ga su sun dawo, amma da sabon hali. Ba sa fitowa sai motar ƙarshe ta fita an ja ƙofa, wajen ƙarfe 1 na dare. Yanzu su biyar ne. Akwai wani mai yagaggen kunne da ko na haska shi da tocila ba ya gudu, sai ya zuba mini ido ya ci gaba da abin da yake yi. Makon jiya har gindin bencin da nake zama ya iso. Abokin aikina ya ce a sa musu guba kowa ya huta. Ni hankalina bai kwanta da hakan ba, domin a gabana aka haƙa ramin nan, kuma ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, don Allah ya ba mu labari: wace dabba ce, me ya jawo ta, me kuka yi, yaya aka ƙare?

Malamar Kimiyya:

Wa'alaikumus salam, Baba. Komawa dare da suka yi ba a wurinka kaɗai ake ganinta ba. A 2018 wata mai binciken namun daji, Kaitlyn Gaynor, da abokan aikinta sun tattara bincike 76 a kan dabbobi masu shayarwa iri 62 daga nahiyoyi shida, suka tarar a mafi yawan wuraren da zirga-zirgar mutane ta ƙaru, dabbobin suna mayar da harkarsu dare. Wadda a da take raba fitarta rabi da rana rabi da dare, sai ta koma kusan kashi 68 cikin 100 da dare. Kuma ba sai ana farautarsu ba, masu yawon shan iska a daji ma sun isa su jawo hakan.

Nawa labarin na tsuntsaye ne. Akwai bishiya a jikin tagar ɗakina. Da maƙwabcinmu ya kafa babbar fitilar tsaro mai kwana a kunne, tsuntsayen da na saba ji da asuba suka koma kuka tun ƙarfe 3. Ƙwari su taru a jikin fitilar, da safe mu share su tuli a ƙasa, tsaka da ƙananan jemagu kuwa suka mayar da wurin makiyayarsu. Na yi masa magana cikin lalama, ya sa wa fitilar hula, hasken ya koma ƙasa ya daina dukan bishiyar. Cikin 'yan kwanaki kukan ya koma lokacinsa.

Hayaniya ma tana taɓa su. A 2003 an gano a birnin Leiden na ƙasar Holan cewa wani ɗan tsuntsu yana siranta muryarsa a unguwanni masu rugugin motoci don 'yan'uwansa su ji shi. A 2020 kuma, da kullen korona ya kwashe motoci daga titunan San Faransisko, tsuntsayen can suka sassauta murya, amma ana jin su daga nesa fiye da da.

Manomin Gindin Dutse:

Baba mai gadi, kada ka bari sabon da mai yagaggen kunne ya yi da kai ya yi nisa. Na ga inda sabo yake kaiwa, a kan birai.

Gonata tana gindin wani dutse, kuma tun zamanin mahaifina akwai birai a kansa. Suna ɓarna, ban musa ba, amma ta gefe-gefe ce. Su sauko da sassafe su karyi masara a bakin gona, yaro ya buga gwangwani su haye. Da aka gyara hanyar da ta bi ta gefen dutsen, matafiya suka fara tsayawa suna jefa musu abin ci don su ɗauki hoto. Cikin shekara biyu biran suka zama wasu daban. Suka bar hawa can sama neman 'ya'yan itace, sai su jeru a bakin titi suna jiran mota. Ranar da motoci suka yi ƙaranci, gonakinmu ne suke biya. Har bambance mutane suka koya. In ni ne da sanda, tun daga nesa sun watse. In mai ɗakina ce ko yara, ko gezau. Wata rana babban namijinsu ya fizge ƙunshin da ke hannun 'yata 'yar shekara 7, ya yage ta a damtse, sai da aka yi mata ɗinki da allurai.

Ran nan idona ya rufe, muka haɗu da maƙwabta aka kashe shi. Har yau abin yana ci mini rai, kuma bai tsinana mana komai ba. Garken ya rabu gida biyu, kowanne da sabon ja-gaba, ɓarnar da a da take zuwa gona ɗaya ta koma gonaki biyu a lokaci guda.

Abin da ya kawo mana sauƙi wahala ce zalla. Muka kafa allo a inda motoci suke tsayawa, muka raba kwanaki, kullum mutum ɗaya ya tsaya can yana roƙon matafiya kada su jefa komai. Wasu su ji, wasu su yi mana dariya. Gadin gona kuma lokacin nunar amfani muka karɓe shi daga hannun yara, manya suka koma yi. Sai da muka yi damina biyu a haka kafin biran suka fara komawa sama. Tsofaffinsu har yanzu suna leƙo titi in sun ji birki.

Ɗalibi Mai Karatun Gandun Daji:

Kawu, abin da ka faɗa ya faru a birnin Lopburi na Tailan a watan Maris na 2020. Birai ne da suka dogara da abin da masu yawon buɗe ido suke ba su. Da korona ta hana baƙi zuwa, ɗaruruwansu suka cika titi suna faɗa da juna kan ɗan abin da ya samu. A makarantarmu ma akwai su, sun iya tura tagar ɗakin kwana, kuma ɗakunan da ake miƙa musu abinci su suka fi shan ɓarna.

Makiyayi:

Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Awaki 9 kura ta ɗauke mini a damina ɗaya. Su ne makarantar yarana, su ne asibitinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban zubar da shara ba, ban taɓa miƙa mata komai ba. Dajin da take farauta aka sare aka yi gawayi, gada da zomo suka ƙare, ta juyo kaina. Wanda ya sare dajin ya kwashi abinsa ya yi gaba, aka bar ni da kura, kowa da yunwarsa. In kun ce kada a sa guba, to ku faɗa mini me zan sa.

Likitar Dabbobi:

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Maganarka gaskiya ce, wanda ya jawo abin sau da yawa ba shi yake shan wahalarsa ba. Amma bari in faɗa maka abin da na gani da idona game da guba.

An taɓa kirana wani garke inda aka barbaɗa maganin ƙwari a jikin mushen saniya don kura. Da na isa washegari da hantsi, ungulaye ne zube a kewaye, na ƙirga fiye da 20, wasu suna shure-shure ba sa iya tashi. Karnukan kiwon mai garken guda biyu ma sun ci sun mutu. Kurar da aka yi dominta kuwa, bayan kwana huɗu ta sake ɗaukar tunkiya, kuma yanzu babu kare da zai yi haushi ya tashe shi. Mutumin ya zauna a gaban karnukansa yana share hawaye, ban manta da wannan ba.

Rashin ungulu kuma ba ƙaramin abu ba ne. A Indiya, daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, wasu ire-iren ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Dalilin shi ne diclofenac, maganin ciwo da ake yi wa shanu allurarsa. In saniyar ta mutu ungulu ta ci naman, sai ƙodarta ta lalace. Ba wanda ya yi niyyar kashe ungulu ko ɗaya. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka samu abinci suka yawaita, tare da haɗarin cizon mahaukacin kare. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin a kan dabbobi a Indiya da Nepal da Pakistan.

Abin da na ga yana aiki a garken da nake zagayawa shi ne shinge mai tsayi da kauri wanda ba a hango dabbobin daga waje, ƙofa mai ƙarfi (ta nan aka fi shiga), shigar da dabbobi kafin duhu, da binne mushe da mahaifa nesa da garke, don warinsu ne yake fara kiran kura.

Malamar Kimiyya:

Malam makiyayi, akwai kuma dabarar wani yaro ɗan Kenya, Richard Turere, da zakuna daga gandun dajin Nairobi suka addabi shanun mahaifinsa. Ya lura ba sa matsowa in yana zagaya garke da tocila. Sai ya haɗa ƙwayayen fitila da batirin mota da farantin hasken rana, ya jera su a kewayen shinge suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, kamar mutum ne yake yawo. Bai kai shekara 14 ba a lokacin, kuma maƙwabta suka kwaikwaya. Tsoron mutum yana da ƙarfi a zuciyar namun daji. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu an kunna musu muryar mutane suna hira da kuma gurnanin zaki a bakin mashaya, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna sun fi gudu kusan ninki biyu in suka ji mutum. Shi ya sa dilan Baba da ya daina gudu ya fi ba ni tsoro a kan sauran huɗun.

Direban Babbar Mota:

Ni a titi nake haɗuwa da su. Akwai wani yanki a hanyar da nake bi, daji a hannun dama, rafi a hagu, kwalta ta raba su. Duk rani sai na ga gawar barewa ko dila ko bushiya a daidai wuri ɗaya, don nan ce hanyarsu ta zuwa ruwa tun kafin a zuba kwalta. Sau ɗaya na taka barewa. Hasken fitila ya dake ta, ta ƙame a tsakiyar titi, ni kuma da lodi ba na iya tsayawa. Na sauka na same ta tana numfashi, ɗanta yana tsaye a gefen daji. Tun ran nan in na iso wurin da dare nakan rage gudu in sauke fitila.

A gandun Banff na Kanada an yi wa babbar hanya shinge, aka gina wa dabbobi gadoji 6 ta sama da mashiga 38 ta ƙasa, karo da namun daji ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A wurin da nake faɗa, kwalbati ɗaya mai faɗi ma da ya ceci da yawa.

Makiyayi:

Likita, na gode. Maganar ƙofa ta taɓa ni, don tawa ƙaya ce kawai nake jawowa, kuma ta nan ta shiga duka lokutan. Mahaifa ma bayan shinge muke jefawa. Zan gyara waɗannan biyun kafin ruwa ya sauka, fitilar kuma ɗana ya ce zai gwada haɗawa. Amma dajin da aka sare ba ni zan iya mayar da shi ba, Malama.

Mai Gadin Dare:

Na dawo in ba ku labari, yau kwana 25 da fara wannan magana. Na samu manaja na karanta masa abin da Likita da Malam manomi suka rubuta. Ya sa aka cike ramin, aka kawo duro biyu masu murfi da sakata, ana kwashewa kullum kafin magariba. Abokin aikina ya janye maganar guba.

Makon farko sun fi da damuna. Su biyar ɗin suna zuwa su tona inda ramin yake, su zagaya duro suna kuka har asuba. Duk wanda ya matso sai in buga ƙarfe in daka tsawa, don kada su ƙara sabawa da ni. Mako na biyu suka koma uku. Yanzu mai yagaggen kunne ne kaɗai yake zuwa, shi ma ba kullum ba. Daren jiya wajen ƙarfe 2 ya zo ya shinshina duro, na haska shi, ya juya da gudu ya bi ta cikin filin.