Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima

Maman Hafsa: Assalamu alaikum. Ina neman fahimtarku game da wannan karin magana. Na roƙi surukata ta faɗa mini yawan kanwar da take zubawa a ƙullun masa domin in rubuta, sai ta yi dariya ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Ni kuwa littattafan girkin da nake bi komai a aune suke kawo shi, kofi kaza, cokali kaza. Shin maganar tana nufin awo ba shi da amfani ke nan?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. A ganina ba haka take nufi ba, domin tun a rabinta na farko ido ya amsa cewa shi ba mudu ba ne, wato an bar wa mudu matsayinsa. Abin da aka ba ido shi ne kima, dangin "kimanin" da "kimantawa", wato kusantar daidai. An fi faɗinta idan mutum ya dubi tsibin hatsi ko rabon da aka miƙo masa, ya gane an rage ko an cika ba tare da ya auna ba.

Hajiya Binta: Malam, fassararka ta yi, amma a madafi ido ya fi ƙarfin matsayin da ka ba shi. 'Yata, littafi zai ce miki cokali ɗaya na kanwa, alhali kanwar ma iri-iri ce, ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ƙullun da aka kwaɓa da yis a watan Afrilu yakan tashi cikin 'yan sa'o'i ya yi tsami, wanda aka kwaɓa da hunturu kuwa sai ya kwana a rufe kusa da murhu. Surukarki tana ɗaga ludayi ta ga yadda ƙullun yake zuba, ta ɗanɗana tsaminsa, sannan ta tsiyaya ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, ta soya guda ɗaya a tanda ta gutsura kafin ta ci gaba. Wane shafi ne zai ɗanɗana miki?

Maman Hafsa: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai ni idona bai san komai ba tukuna. Ranar da na kimanta da kaina, masar ta fito jawur tana warin kanwa, har almajirin da na ba ya dube ta sau biyu.

Malam Sabo: Abin da nake nufi ke nan. Idon da ya san kima ya daɗe yana kallon mudu. Ko a Amurka, sai da littafin girki na wata malamar girki mai suna Fannie Farmer ya fito a Boston a 1896 aka yawaita aunawa da kofi da cokali a shafe baki, domin mai koyo ta samu abin riƙewa. Mu ma muna da namu awon, gwangwanin madara da tiya, kodayake mudun wata kasuwa ba lallai ya zo daidai da na wata ba.

Hajiya Binta: To, na yarda da rabi. Ki je ranar da surukarki za ta yi masa da gwangwaninki a hannu, duk abin da ta ɗebo ki tare shi ki auna kafin ya shiga ƙullu, ki kuma rubuta watan da ake ciki. Kanwar kuma ki roƙe ta ta ɗibar miki daga tata.