Me za mu kira "mélanonychie" da Hausa?

Ma'aikaciyar jinya, Garwa: Salamu alaikum. Iyaye na kawo matasa da baƙin layi a farce, takardar likita ta ce "mélanonychie longitudinale". Wace kalma za mu faɗa musu da Hausa? Ni dai ina cewa zanen farce.

Malamin Hausa, Marwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zanen farce zai kai hankalin mata ga ƙunshi. Kalmar "mélanonychie" daga Girkanci take, baƙi da farce ne aka haɗa. Akwai ratsi, akwai ziri. Dakta, yaya abin yake tafiya?

Likitan fata, Ngaundare: A tsaye yake, Malam, daga gindin farce zuwa bakinsa. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne a tushen farcen ke zuba baƙi, farcen na fitowa da shi. Ga baƙar fata abu ne da aka saba gani, sau da yawa a yatsu da dama, kuma ga matashi galibi ba cuta ba ce. Cizon farce na kawo shi, haka ƙarancin bitamin B12, da magunguna irin hydroxyurea na masu sikila da zidovudine na masu cutar ƙanjamau.

Malamin Hausa: To ratsi ya faɗi, don kunne zai ji abin da ya ratsa a kwance. Ziri ne mai tsawo siriri. Baƙin zirin farce. Mai cewa ƙumba ko akaifa ya sa tasa.

Ma'aikaciyar jinya: Wanda ƙofa ta datse fa, Dakta?

Likitan fata: Wannan kwanciyar jini ce, kada a haɗa su suna ɗaya. Farcen hannu na tsiro kusan milimita 3 a wata, don haka jinin na matsawa gaba, gindi ya fito fes, cikin wata 6 ya fita. Lalle ma haka yake. Ziri kuwa ba ya barin gindi.

Wanda za ki turo mana shi ne ziri a yatsa ɗaya tak, musamman babban yatsan hannu ko na ƙafa, wanda faɗinsa ya wuce milimita 3, ko yake ƙara faɗi, ko gindinsa ya fi bakinsa faɗi, ko launinsa ya gauraya. Haka idan farcen ya tsage ko yana jini ba buguwa. Babbar alama ita ce baƙin ya haura fatar da ke kewaye da farcen, wadda muke kira alamar Hutchinson. Nan ake tsoron sankarar fata, sai an yanki ɗan nama daga tushen farcen a auna. Sauran a ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a sake bayan wata 3. Kada a kankare, kada a rufe da lalle kafin zuwa.

Malamin Hausa: Alamar nan sai mu ce malalar baƙi, tunda ya malalo kan fata.

Ma'aikaciyar jinya: Na rubuta duka biyun a katin bayani. Allah ya saka, Malam, Dakta.