Wa masu binciken jami'a suka taɓa zuwa wa da tambayoyi?

Baban Ummi, Agege: Salama jama'a. Jiya wata ɗaliba mai nazarin zamantakewar al'umma ta zo ƙofar shagona da 'yar rikoda, wai tana son jin yadda muke aurar da 'ya'yanmu a Ikko, a nan ko a gida. Na amsa mata, amma raina bai kwanta ba. Wa irin haka ta taɓa samu?

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ni Baba, bayan an hana mu hawa a Ikeja, Surulere da Apapa a watan Yunin 2022 wani ya zo majalisarmu. Ya tambayi nawa nake samu a wuni. Na ɗauka ɗan haraji ne, na zaftare rabi. Duk 'yan majalisar haka suka yi. Allah kaɗai ya san me ya rubuta.

Hajiya Mai Albasa, Mile 12: Tawa ta zo ne bayan rikicin kasuwa na 2016. Kwana uku tana zaune kan buhu, har ta koyi ware ruɓaɓɓiya. Mutuniyar kirki ce. Amma ta ce za ta kawo mini abin da ta rubuta, har yau shiru kake ji.

Malam Na Idi-Araba: Alhaji, kwantar da hankalinka, abin tsoho ne. Abner Cohen, wani mai nazarin zamantakewar al'umma haifaffen Bagadaza, ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a 1962 zuwa 1963, yana nazarin fataucin shanu da goro. Ya gano yadda maigida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a ba da bashi ba takarda, da yadda Tijjaniyya ta ƙara ɗaure 'yan Sabo. Littafin da ya rubuta a kai ya fito 1969. Da na karanta, sai na ga kamar kakana ake siffantawa, shi ma mai masauki ne.

Maman Khalifa: Ku taku mai sauƙi ce, ni aure nake da irinsu. Ko biki muka je, maigidan yana gefe yana lura da wa ya zauna kusa da wa. Rannan na yi faɗa da maƙwabciya kan layin ruwa, maimakon ya ba ni haƙuri sai ya ce, "To wa ya saba fara ɗiba?"

Baban Ummi, Agege: Malam, na gode. Ta ce za ta dawo ranar Asabar. Zan haɗa ta da uwar Ummi, don maganar lefe ita ta san kanta.