Wa ya taɓa koyon yare ta hanyar dirama?

Malamar JSS:
Salam 'yan uwa. Faransanci nake koyarwa, yarana a takarda ba dama, amma ka ce su buɗe baki sai kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Ina so in gwada dirama wannan zangon, dan Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Ɗan Islamiyya:
Malama ai mu da tamsiliyya, wato dirama, muka tashi, duk walimar sauka sai an yi ta da Larabci. Ni alƙali aka ba ni, aka naɗa min rawani aka manna min gemun auduga, wallahi da na hau kujerar nan kunyar ta tafi, don a raina ba ni nake magana ba, alƙali ne. Wani yaro ya ce wa mai ƙara, wadda mace ce, "anta" (kai) maimakon "anti" (ke) aka kwashe da dariya har malamai, daga ranar muzakkar da mu'annas suka zauna mana daram.

Wata 'yar Zariya:
Ni a ƙauyen Faransanci na Badagry na gani, wanda aka kafa a 1991, can ake tura 'yan aji uku na jami'a masu karanta Faransanci, kamar yadda 'yan Larabci suke da nasu na Ngala. Rukuninmu wasan kasuwa muka yi, ba rubutu, an dai ce ke mai tumatur ce ke kuma mai saye kuɗinki ba su kai ba, ku daidaita. Dole ki lalubo kalma da kanki ko ki yi ta nuni da hannu. Da muka tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano ciniki bai ba ni wahala ba ko kaɗan.

Baban Walida:
Ni dai ina da ja. 'Yata ta haddace shafi biyu na Turanci ta zuba a ranar bikin raba kyaututtuka muna ta tafi, da muka dawo gida na ce fassara min, shiru. Hadda ce kawai.

Wata 'yar Zariya:
Gaskiyarka Baba, shi ya sa na ce ba rubutu. In ma za a rubuta to yaran su rubuta da kansu, malama ta gyara.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar ana yin siket, wato gajeriyar dirama, tun firamare. Shawarata kar a katse yaro yana tsakiyar wasa don gyaran nahawu, a bari sai an gama, in ba haka ba gobe ba zai fito ba. Kuma a sanar da iyaye tukuna, wasu ba sa son a haɗa maza da mata.

Malamar JSS:
Na gode ƙwarai. To ajin da ya cika maƙil fa, minti arba'in kuma, ya kuke raba su?