Android da Windows: ni dai "uwar manhaja" nake so mu riƙa cewa

Jama'a, ina neman shawararku. Jiya a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, wani dattijo ya miƙa wa yaron da ke gyara min waya filashi, ya ce, "Ɗan nan, akwai manhajar lissafin shago a ciki, ɗora min a wayata." Yaron ya duba ya ga fayil ɗin .exe ne, ya ce, "Baba, wannan ba za ta hau ba, OS ɗin ba ɗaya ba ne." Baba ya ce, "Mene ne kuma OS?" Yaron ya yi shiru yana sosa ƙeya. Ya san abin sarai, kalmar ce babu a bakinsa. Abin ya tsaya min a rai har na isa gida.

Na ga wasu na fassara OS, wato "operating system" irin su Android da Windows, da "tsarin aiki". Bai gamsar da ni ba, domin asibiti ma yana da tsarin aiki, tasha ma haka. "Babbar manhaja" ta fi, amma girma take nunawa, kuma wasan ƙwallon da ya cinye rabin memori shi ma babba ne.

Uwa a Hausa ba mahaifiya kaɗai ba ce. Muna da uwar kuɗi, wadda riba ke fitowa daga jikinta, da uwar garke, da uwar ɗaki. To aikin Android ko Windows ke nan: ita ke raba wa ƙananan manhajoji memori, ita ke ba WhatsApp izinin taɓa kyamara, ita ke kwantar da wannan ta tashi wancan don kada batir ya ƙare.

Na gwada kalmar "uwar manhaja" a kan dangantakar da ke tsakanin OS-OS ɗin, ta zauna daram. iOS da ta zo da iPhone a 2007 daga Mac OS X ta kwamfutocin Apple aka tsago ta, tushensu ɗaya, sunansa Darwin. Ciki ɗaya ke nan. Android kuwa a kan ƙwayar Linux (kernel, wato zuciyar OS) aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ƙwayar da Ubuntu, wata OS ta kwamfuta, ma ke kai. Amma fayil ɗin .apk, wato manhajar Android, ba ya buɗewa kai tsaye a Ubuntu, saboda abin da Google ta ɗora a saman ƙwayar nata ne daban. Kakarsu ɗaya, kowa da uwarsa.

Manhajar Baba kuwa katanga biyu ce a gabanta. An rubuta ta ne don Windows, sannan da yaren masarrafar (processor, ƙwaƙwalwar na'ura) Intel ko AMD, alhali wayarsa yaren masarrafar ARM take ji. Da Apple ta mayar da kwamfutocinta na Mac kan ARM da masarrafarta M1 a 2020, wasu manhajojin iPhone suka fara aiki a Mac, tsofaffin na Intel kuma sai ta bakin Rosetta 2, wadda ni tafinta zan kira ta. Microsoft ma ta buɗe wa manhajojin Android ƙofa a Windows 11, ta rufe a Maris 2025.

Wani malami ya ba da shawarar mu ce manhaja ta "dace" da waya ko ba ta dace ba. Malam, Allah ya ƙara basira, amma dacewa tana ɗauke da sa'a da kyautuwa. Na fi son jituwa, don abu biyu take buƙata: "Baba, manhajar nan ba ta jitu da uwar manhajar wayarka ba, ta kwamfuta ce." Wannan ko a ƙauye aka faɗa za a gane.

Inda na maƙale shi ne jam'i. Iyayen manhaja, ko uwayen manhaja? Kunnena ya fi karkata ga na biyun, tunda iyaye sun haɗa da uba. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke jin kalmar da Faransanci, me masu gyaran wayarku ke cewa?