Fuska biyar muka yi da shi, yanzu kasuwa guda yake so

Mai Ƙorafi: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Wani Alhaji mai shadda da atamfa mun yi da shi baki da baki zan gina masa shafin intanet mai fuska biyar, hotunan kaya da lambar waya, shikenan. Na gama na tura, sai ga saƙon murya na minti shida wai in "ɗan ƙara" biya da kati ta Paystack (kamfanin karɓar kuɗi ta intanet), a riƙa ganin kayan da suka rage a shago, a kuma yi shi Hausa da Turanci, duk a kuɗin farko. Ni injiniya ne ba ɗan aike ba. Daga yau ba na taɓa aiki sai an rubuta buƙatu an sa hannu.

Ɗan Zariya: Injiniya kuma? Malam kana da rajistar COREN ne, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya? Mu da muka yi shekara biyar a jami'a fa.

'Yar Sabon Gari: Wace gada ya gina da za a tambaye shi COREN? Ku bar bawan Allah ya faɗi damuwarsa mana.

Ɗan Zariya: Yaya, mai jan WordPress (manhajar haɗa shafi ba sai ka rubuta lambobin kwamfuta ba) da linzamin kwamfuta ba injiniya ba ne.

Mai Ƙorafi: Wa ya ce maka WordPress na yi?

Baban Yara: To ko shi ne ma mene ne aibinsa? Tun 2003 yake, sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, ku 'yan React masu rubuta lambobin shafi da hannu, shafin fuska biyar sai ku kwashe wata biyu kuna girka abubuwa.

'Yar Sabon Gari: Ni dai sa hannun nan ba ya hana komai, kwastoma bai san abin da yake so ba sai ya gani a wayarsa, shi ya sa mutum 17 suka fitar da Agile, tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa kwastoma, a 2001. Ka nuna masa zanen shafin a manhajar zane ta Figma tukuna, kowane ƙari da farashinsa.

Ɗan Zariya: Har yanzu ba a amsa min maganar rajista ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsaya a kai, WordPress ya wadatar da ƙananan 'yan kasuwa, ni ma da shi nake ci.

Mai Ƙorafi: Ranka ya daɗe, ga Alhajin ya sake turo saƙon murya, minti tara.