Karen gadinmu da Jamusanci aka hore shi, masu gadi uku kowa da irin furucinsa

Mai Sito: Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka, kaina ya kulle. Ina kula da sito na masara da waken suya a bayan garin Zariya. Bara sau 2 ana haura mana katanga, na farko buhu 14 aka ɗauka, na biyu har da injin ban ruwa. Muka ƙara tsayin katanga, muka ja waya, muka sa fitilar sola, muka sauya mai gadi, duk da haka hankalin maigida bai kwanta ba, ya ce a nemo kare. Aka kawo Malinuwa namiji, irin na Beljiyam ɗin nan, wai ya gama horo, da takarda mai kalmomi 7 na Jamusanci: Sitz, Platz, Fuss, Hier, Bleib, Aus, Fass. Masu gadi 3 ke karɓa-karɓa. Yau sati 3 ke nan. In aka ce ya kwanta, wani lokaci sai ya zagayo gefen ƙafa ya tsaya yana kallon mutum. In ya kama tsumma ba ya saki sai an maimaita sau 4 ko 5. Shekaranjiya ya yi kan direban da ya zo lodi, Allah ya sa igiya na hannu. In mayar da shi Hausa ne, ko in matsa wa yaran su iya Jamusancin?

Tsohon Mai Horo: Wa alaikumus salam. Malam, matsalar a bakin yaranka take. Bahaushe ba ya raba P da F, kuma ba ya son haɗa baƙaƙe biyu babu wasali. Platz, wato kwanta, a bakinsa ya zama "falas". Fuss, wato bi gefen ƙafata ta hagu, ya zama "fus". Fass, wato kama, ya zama "fas". Uku duk F a gaba, S a baya. Abin da ya raba "biyo ni" da "ciji" wasali ɗaya ne tak, kuma da dare, mutum yana firgice yana ɗaga murya. Tun yau ka goge Fass daga takardar, kada mai gadi ko ɗaya ya ƙara furta ta.

Sauran ka mayar Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar kalma ake fara faɗa: "kwanta", shiru na daƙiƙa 1, sannan Platz. Yana kwanciya, a ba shi lada nan take. In ka sa tsohuwar a gaba, ko ka haɗe su a numfashi ɗaya, ba zai taɓa kula sabuwar ba, tunda ya riga ya samu abin da yake jira. Minti 5, sau 2 ko 3 a rana, da sassafe da bayan la'asar saboda zafi, maimaici 10 a kowane zama. Lada dafaffiyar hanta ce a yanka kamar ƙwayar wake. Ranar da ya kwanta sau 8 cikin 10 kafin ka kai ga Platz, ka jefar da Jamusancin. Mutum ɗaya zai yi wannan aikin, sauran su karɓa daga baya.

Ɗan Damagaram: Baba, a nan ban bi ka ba. A sito "zo", "tsaya", "bari", "kama nan" sau nawa 'yan dako ke faɗinsu a yini? Kalmar da kare ke ji kullum ba tare da komai ya biyo baya ba, mutuwa take yi a kunnensa. Amfanin baƙon harshe ke nan. In Jamusanci ya yi nauyi, ga Faransanci: assis (zauna), couché (kwanta), au pied (bi gefen ƙafa), babu mai kama da wata. Kuma ɓarawo ba zai iya ba shi umarni ba.

Tsohon Mai Horo: Maganar ɓarawo a ajiye ta. Kalmomin nan suna intanet, kuma karen da ya san mai riƙonsa ba ya kwanta wa baƙo don ya faɗi daidai. Jamusancin gado ne kawai: ƙungiyar karen makiyayi ta Jamus aka kafa a 1899, gasar gwajin karnukan tsaro can ta taso, masu saye suka ɗauko kare da kalmominsa. Na Holan kuma Zit, Af, Los suke ji. Batun hayaniyar sito kana da gaskiya, maganinsa a zaɓi waɗanda ba a yawan faɗa: "gefe" a madadin Fuss, "taho" a madadin zo, don zo da zauna farkonsu ɗaya.

Likitar Dabbobi: Kuna ta harshe kun tsallake babba. Karen da ba ya saki a kira ɗaya bai kamata ya kusanci baƙo ba sai da takunkumi mai raga, wanda zai iya haki a ciki. A gyara Aus, wato saki, da tsumma 2 iri ɗaya: ya kama na farko, ka daina ja, hannu ya tsaya cak, ka faɗi kalmar sau ɗaya, yana saki ka motsa na biyu. Ja da ihu ƙara masa riƙo suke. Maimaita kalma kuwa koya masa ake cewa ta biyar ce ta gaske. Malam, shekararsa nawa? Wa ke ba shi abinci? An yi masa allurar haukan kare? An duba kunnensa?

Abu Gadi: Ni abin da ke ci mini rai, a sayi kare da kuɗin da ya fi albashin mai gadi na shekara, a miƙa wa yaro takarda a ce ya karanta. Masu sayarwa kuma su sauke kare su juya, babu ko kwana 3 na miƙa hannu. Gobe a sallami yaron, a kawo sabo, a ce kare ya lalace.

Mai Sito: Na gode ƙwarai. Amma Baba, ba zan iya goge Fass ba, don ita aka sayi karen, maigida ba zai yarda ba. Kuma yaran suna ƙoƙari, na tura musu muryar mai horon ta WhatsApp suna saurara. Likita, an yi allura. Abinci duk wanda ke bakin aiki shi ke ba shi.

Tsohon Mai Horo: To a nan ɗaya matsalar take. Sannan ka tsaya ka kalli hannayensu. Kare ya fi bin motsin jiki a kan murya in suka saɓa. Wani na nuna ƙasa, wani na dukan cinya, kalma ɗaya, ishara uku. Ka jera su ukun, kowa ya ba da umarni hannu a aljihu, za ka ga abin da karen ya sani da gaske. In dole sai an bar kalmar kamu, mutum ɗaya ya riƙe ta, a canza ta zuwa wadda ba ta fara da F ba, kuma sai a gaban mai horo da rigar cizo.

Ɗan Damagaram: Mutum ɗaya ba zai kwana 7 a sati yana gadi ba, Baba. Daren hutunsa fa?

Mai Sito: Gaskiya ina ganin zan ƙara musu sati 2 a kan Jamusancin tukuna, mu gani. Takunkumin da Likita ta ce, yaya ake auna girmansa? Ran Asabar akwai lodi.